Kafin ka sayi asfiratar, kifa shi ka nemi kusoshinsa

A ƙarƙashin teburin aikina akwai wani tsohon kwalin firij da na yanka biyu, cike yake da gawarwakin asfiratar, wato injin nan mai zuƙe ƙura da wasu ke kira injin shara. Asalin sana'ata naɗin waya ce: moter ɗin fanka, famfon ruwa, injin markaɗe, sai dutsen guga da sauran tarkacen lantarki idan sun samu. Rumfata tana Sabon Gari a nan Maradi, kuma na daɗe a cikinta har yaran da na koya wa aiki sun buɗe nasu. Da can sai in shekara ban ga asfiratar ba. Yanzu da kafet ya shiga kowane falo, masallatai suka shimfiɗa shi daga bango zuwa bango, ƴan wankin mota suka yawaita, iyayen amare kuma suka fara sa shi cikin kayan ɗaki, wata ba ya ƙarewa ba a kawo mini biyu ko uku ba.

Abin da ke ba ni haushi da kwalin nan shi ne yawancin abin da ke cikinsa ba tsufa ya kashe su ba. Wani moter ɗinsa lafiya lau, ɗan kunnen roba da ke riƙe murfi ne ya karye. Wani tiyonsa ne ya tsage a wuya, kuma bakin tiyon siffa ce da babu irinta a kan kowane inji sai shi. Wani matatar ƙurarsa ce ta ruɓe, an zagaye babbar kasuwa, an aika Katsina, an aika Kano, ba a samu ba.

Bara wata Hajiya daga unguwar Ali Ɗan Sofo ta zo da ɗan aikinta yana riƙe da wani siriri mai aiki da batir, kyakkyawa, kamar ka rataye shi a bango don ado. Ɗanta ne ya aiko mata da shi daga waje.

"Malam, wanga abu ko shekara biyu bai cika ba. Da caji guda nika share falo da ɗaki biyu, yanzu ko darduma ba shi gamawa."

"Hajiya, batir ne ya gaji. Bari mu gani ko yana buɗuwa."

Na juya shi gaba, na juya shi baya, babu kusa ko ɗaya. An narkar da bakin robar an manne ta. Da wuƙa mai zafi na tsaga gidan batir ɗin, na tarar da ƙananan batura shida irin waɗanda ake kira 18650, waɗanda muke cirowa daga tsofaffin baturan kwamfuta. Na yi murna, na samo sababbi na jera, na haɗa. Injin ya ƙi tashi. Ɗan allon da ke kula da cajin, da ya ji an cire tsofaffin, sai ya kulle kansa, kuma ba ni da abin buɗe shi. Na mayar wa Hajiya kuɗinta, ta bar mini gawar. Tana nan cikin kwali, moter ɗinta ko tsatsa babu.

Ana yanke wa kaya wa'adi ne?

Masu kawo gyara sukan tambaye ni ko da gangan ake ƙera kaya don su mutu da wuri. Maganar tana da tushe. A ƙarshen 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki, cikinsu har da Osram na Jamus da Philips na Holand, sun zauna a Jeniba suka ƙulla yarjejeniyar da aka sani da sunan Phoebus. Sun amince kada ƙwan kowa ya wuce awa 1,000 yana ci, alhali kafin nan akwai masu kai awa 1,500 zuwa 2,000, kuma wanda nasa ya zarce sai a ci shi tara. Faransa kuma tun 2015 ta mayar da rage wa kaya kwana da gangan laifi a dokarta, mai ɗaurin shekara biyu da tarar yuro 300,000, wato kusan miliyan 197 na sefa. Ba a kafa doka a kan abin da ba ya faruwa.

Amma ni da nake buɗe cikinsu kullum, ban taɓa tarar da wani agogo da ke ƙirga kwanakin inji ba. Abin da nake gani ya fi haka sauƙi. Inda ya kamata a sa ƙarfe an sa roba. Inda ya kamata a naɗa wayar tagulla an naɗa ta alminiyam mai fenti ja, sai ka kankare ka ga fari. Inda kusa huɗu za su riƙe murfi an sa manne, don manne ya fi sauri a masana'anta. Dala a nan, dala a can, inji ya yi araha, mai saye ya ji daɗi ranar farko. Sannan sai a sauya siffar buhun tara ƙura da matata duk bayan ƴan shekaru, ta yadda na bara ba ya shiga na bana. Ko an yi niyya ko ba a yi ba, kai da ka ba da kuɗinka duk ɗaya ne a wurinka. Ga kuma abin da ya fi duka: wanda ya zana injin bai taɓa taka rairayin Maradi ba, bai san hazon hunturu ba, bai san zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 ba.

Saboda haka tambayar da nake so ka riƙe a ranka idan ka shiga kanti ita ce: mene ne zai fara mutuwa a jikin wannan, kuma ranar da ya mutu ana iya cire shi a sa wani?

Abin da ke cikin cikinsa

Ba za ka iya zaɓe ba sai ka san yadda yake numfashi. A cikin kowane asfiratar mai waya akwai moter da ke juya wata ƴar farfela da gudun da ya haura juyi 20,000 a minti. Ita ke jawo iska ta tiyo, iskar ta ɗauko ƙura, buhu ko matata su tare ƙurar, iska ta wuce. To a yawancin injunan gida, wannan iskar da ta wuce ita ce ke bi ta cikin moter ta sanyaya shi. Babu wata fanka ta daban. Ka ga ke nan idan matata ta toshe, ba ƙarfin zuƙa kaɗai ke raguwa ba, moter ɗin ne ke dahuwa a ciki. Idan kuma matatar ta huje, ko mai gida ya gaji da ita ya cire ta ya yar, rairayi zai riƙa shiga kai tsaye yana cin farfela, yana cin rulma, wato boris, yana cin tagullar da sharbo ke gogawa.

Sharbo wasu ƴan baƙaƙen sanduna biyu ne masu kama da gawayi, su ke kai wuta ga ɓangaren moter mai juyawa. An yi su ne don su cinye a hankali, kamar takalmin birki. Cinyewarsu ba lalacewa ba ce. Inji na kirki, ka kwance kusa biyu ka zaro su ka sa sababbi, aikin rabin awa. Ko ba a sami girmansu daidai ba, nakan sayi na injin yankan ƙarfe in goga a jikin takardar yashi har ya shiga. Inji marar kirki kuwa an danne gidan sharbon da ƙarfe an rufe, ranar da ya ƙare moter gaba ɗaya ya tafi.

Turai ta sa ƙa'ida a kan wannan. Tun Satumba 2017 duk asfiratar mai waya na gida da za a sayar a can, ban da mai shan ruwa, dole moter ɗinsa ya iya awa 500 yana aiki, tiyonsa ya jure lanƙwasa sau 40,000, kuma kada ya ci wuta fiye da wat 900. Yi lissafi da kanka. Gidan da ake kunna shi awa ɗaya a mako, awa 500 ta kai shi kusan shekara goma. Masallacin da ake share shi awa guda kullum, ko mai wankin mota da ke kunna shi tun safe, awa 500 ba ta kai shi shekara ɗaya da rabi ba. Shi ya sa idan kwamitin masallaci suka zo mini da ɗan ƙaramin injin gida suna ƙorafin bai yi ƙarko ba, nakan ce musu injin bai ci amanarsu ba, aikin jaki aka ba ɗan akuya.

Wane iri ya dace da kai

Da farko, idan ɗakinka siminti ne ko tayil, babu kafet, riƙe kuɗinka. Tsintsiya da jiƙaƙƙen tsumma sun ishe ka. Mai buƙatar asfiratar shi ne mai kafet, mai kujerun kushin, mai mota, da gidan da ke da mai ciwon asma wanda sharar tsintsiya ke tayar masa da tari.

Tsakanin mai waya da mai batir, ni mai waya nake cewa a saya. Na san abin da za ka ce, wuta tana ɗaukewa. Gaskiya ne, amma shara ba tiyata ba ce, tana jiran wuta ta dawo. Batir ɗin lithiyam kuwa ƴan ɗaruruwan caji ne rayuwarsa ko a ƙasar sanyi, kuma babu abin da ke tsufar da shi kamar zafi. A ɗakin kwano na Maradi cikin bazara, ga shi an bar shi a caji dare da rana, me kake tsammani? Idan ka nace sai mai batir, to nemi wanda batir ɗinsa ke fita da danna maɓalli ko da kwance kusa, kuma ka tambayi kuɗin wani batir ɗin tun kafin ka biya na injin. Idan mai kanti ya ce babu, ka san haya ka ɗauka ta shekara biyu.

Sai batun buhu. Masu kanti suna son tallata marar buhu, mai kofin roba da kake hango ƙura tana juyawa a ciki, suna cewa ka huta da sayen buhu. Dabarar ta gaskiya ce, James Dyson ne ya fito da ita kasuwar Ingila a 1993: ana juya iska da ƙarfi kamar guguwa, ƙura ta faɗa gefe. Amma yawancin masu arahar da ke iso mana kwaikwayo ne, kofi ne kawai da ƴar raga da wata matata mai faɗin tafin hannu. Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar garin alkama, guguwar ƙarya ba ta kama ta, sai ta tafi ta liƙe a matatar cikin minti goma. Daga nan sai zafi.

Mai buhu ya fi kare moter, don buhun kansa babbar matata ce. Matsalarsa a nan ita ce samun buhun takarda. Maganinta shi ne ka nemi mai buhun yadi da ake zazzagewa a mayar, ko wanda bakin buhunsa zagaye ne kawai a jikin kwali ko roba, yadda tela zai iya ɗinka maka wani da yadi mai kauri a liƙa a tsohon bakin. Akwai tela a layinmu da ya ƙware a wannan har ya san girman bakuna da ka.

Wanda na fi so wa mutanenmu shi ne mai siffar ɗan ganga ko bokiti a kan tayu, moter a murfi, ƙugiya biyu a gefe. Ba shi da kyan gani, amarya ba za ta so a gan shi a jere ba. Amma cikinsa faɗi gare shi, matatarsa babba ce, kuma ka ɓalle ƙugiya biyu komai na gabanka. Irin su Henry, mai fuskar murmushi da kamfanin Numatic na garin Chard a Ingila ke ƙerawa tun 1981, ko masu launin rawaya na Kärcher na Jamus, sukan faɗo cikin kayan hannu. Daga cikin masu gangar akwai masu shan ruwa da ƙura duka biyu. Waɗannan suna da wata fa'ida da mai kanti ma sau da yawa bai sani ba: saboda kada ruwa ya taɓa wuta, an raba hanyar iskar shara da ta sanyaya moter, kowace da tata. Wato ko ƙura ta kuɓuce wa matata, ba ta bi ta cikin naɗin waya. Masallaci, wurin wankin mota, otal, duk wannan ya kamata su nema. Sai dai a kula, sunaye masu tsada ana buga su a jikin jabu, harafi ɗaya kawai ake sauyawa.

A gaban mai kanti

Kada ka yi cinikin biri a sama. A fito da shi daga kwali, a sa a wuta a gabanka.

Kafin ma a kunna, kifa shi. Nemi kusoshin murɗawa, waɗanda muke kira bis. Idan kansu mai gicciye ne ko mai tsaga ɗaya, wanda turnabis ɗin kowane mai gyara zai kama, alama ce mai kyau. Idan ramuka ne masu zurfi da kusa mai kan tauraro da ɗan tsinke a tsakiya, an yi ne don kada irina su shiga, ko da yake muna samun dabara. Idan babu kusa sam, sai layin manne, ajiye shi.

A nan gindin za ka ga ɗan allo ko takarda mai lambobi. Wutarmu bolt 220 ce, don haka nemi inda aka rubuta 220 zuwa 240 V da 50 Hz. Kayan Amurka na bolt 120 ne, na Japan 100. Na ga wanda ya sayi irin wannan cikin kayan hannu, jibgege mai kyau, ya kai gida ya cusa a soket, ya yi ƙara sau ɗaya kamar jirgi zai tashi, hayaƙi ya biyo baya. Na Ingila wutarsu ɗaya da tamu, kan filogin ne mai ƙafa uku masu kusurwa irin na Nijeriya. A cikin wannan kan akwai ɗan fis. Sau da yawa an kawo mini inji wai ya mutu, ashe fis ɗin nan ne kawai ya ƙone.

Kada lambar wat ta ruɗe ka. An saba buga 2000 W ko 2400 W da manyan haruffa a jikin kwali, mutane na ɗauka ƙarfin zuƙa ne. Wutar da yake ci ce. Mai wat 2,000 yana jan kusan amfa 9, mai wat 900 kusan amfa 4. Idan mitarka ƙarama ce, ko da ɗan janareta kake aiki, ko da hasken rana, babban zai riƙa kashe maka wutar gida duk sanda firij ya tashi. Mai wat 700 zuwa 900 da aka ƙera da kyau, wanda iska ba ta zurarewa ta gefen murfi, yana share kafet tsaf, kuma bai kai wancan zafi ba.

Kama tiyo ka lanƙwasa shi a wuya, daidai inda ya shiga hannu da inda ya shiga jikin inji, don nan yake fara tsagewa. Mai kyau yana komawa yadda yake, marar kyau yana yin fari a wurin lanƙwasar. Duba ko wuyan yana juyawa da kansa. Sandar kuma ta ƙarfe ta fi. Yawancin sanduna da kawunan shara faɗin bakinsu milimita 32 ne ko 35, Henry 32, Kärcher da na kamfanin Miele 35. Idan naka ɗaya ne daga cikin biyun, kan wani injin da ya mutu zai shiga, kuma irin kwalina ba ya rasa su. Idan bakin wata siffa ce mai ƙugiya ta musamman, ka zama bawan kamfani guda.

Ciro matata ka riƙe a hannu. Ta soso ko ta yadi da ake wankewa ta fi mana amfani. Mai gidan da ke da asma ya nemi wadda aka rubuta HEPA 13, tana tare kashi 99.95 cikin ɗari na ƙura mai laushi, amma ya sayi ta ajiya tun ranar, don ta takarda ce mai ninki, yawancinsu ba sa son ruwa.

Waya mai naɗe kanta da taka maɓalli abin sha'awa ce, kuma tana cikin abubuwan da suka fi kawo mini aiki. Wadda ake naɗewa da hannu a jikin inji ba ta da abin lalacewa.

Idan kayan daga Faransa suka fito, duba ko akwai wata alama mai hoton sifana da lamba bisa 10, an rubuta indice de réparabilité. Ma'aunin sauƙin gyara ne da suka fara a 2021, suka shigar da asfiratar cikinsa a Nuwamba 2022. Ja na nufin wahala, kore na nufin sauƙi. Ba ya nufin kayan gyaran suna Maradi, amma yana gaya maka injin na buɗuwa.

Sannan ka tambayi mai kanti, cikin raha ba da faɗa ba: "Alhaji, in buhun ya ƙare kana da shi? Matatar fa? In tiyo ya tsage wa zan nema?" Amsarsa da yadda ya kalle ka sun ishe ka. Idan ya ce akwai garanti, a rubuta a jikin takardar saye, da kwanan wata da lambar injin.

Idan na hannu ne

Ba na hana sayen na hannu. Tsohon inji mai nauyi da ya sha aiki a Turai sau da yawa ya fi sabo mai sheƙi. Sai dai ka gwada shi da hanci da kunne da ido.

Kunna shi ka shaƙi iskar da ke fita ta baya. Warin ƙura ba komai ba ne. Ƙaurin ƙonanniyar roba ko na fenti yana nufin naɗin wayar ya taɓa dahuwa, kwanansa ƙirgagge ne. Kai shi inuwa ka leƙa ta ramukan iska idan ana hango moter. Ƴan ƙananan tartsatsi shuɗaye a bakin sharbo daidai ne. Idan wuta ce ke zagaye tagullar kamar zobe, bar musu kayansu. Toshe bakin tiyo da tafin hannu na daƙiƙa biyu: ya kama hannunka da ƙarfi, muryar injin ta ƙara tsini. Idan bai kama ba, iska na zurarewa wani wuri. Bar shi ya yi minti biyar yana aiki, don akwai masu mutuwa da zarar sun ɗumama, mai kaya kuma ya san haka, shi ya sa yake saurin kashewa.

Abin da na fi dogara da shi shi ne lokacin kashewa. Danna maɓalli ka kasa kunne. Moter mai lafiya yana sauka a hankali, muryarsa na yin ƙasa sumul har ta ɓace. Idan ka ji gurnani ko ƙarar tsakuwa a gwangwani yayin saukar, rulma ta tafi. Ana sauya ta, ba tsada, amma a rage maka kuɗin a ciniki.

Bayan ka kai shi gida

Rabin gawarwakin kwalina da hannun masu su aka kashe su, wannan ma sai an faɗa. Asfiratar ba na kwasar rairayi ba ne. Idan yara sun shigo da ƙasa a ƙafa, ko iska ta yi dare tana turo ta ta ƙarƙashin ƙofa, fara bi da tsintsiya ka kwashe mai nauyin, sannan inji ya bi ya tsotse wadda ta shige cikin kafet. Kada a zuƙi toka, ko garin siminti, ko gari da ya zube a madafa, suna toshe matata nan take. Garwashin turaren wuta da ya faɗo daga kasko, ko da ya yi kamar ya mutu, kada ya shiga, buhu cike da ƙura da iska mai ƙarfi wuri ne na tashin gobara. Ruwa kuma sai injin da aka yi don ruwa.

Zazzage buhu tun bai cika ba, idan ya kai kashi biyu cikin uku. Da hunturu a kakkaɓe matata bayan kowace shara. Idan ka wanke ta soso, bar ta ta kwana ta wuni a inuwa har ta bushe ƙarau, don danshi da ƙura idan sun haɗu laka suke zama. Mai waya mai naɗe kanta ya jawo ta duka kafin ya kunna, wadda ta rage a naɗe tana yin zafi. Kada a ja inji da wayarsa, kada a ɗaga shi da tiyo. Idan fitilun gida sun yi ja, alamar wuta ta yi ƙasa, haƙura da shara. Idan wayar ƙari za ka sa, nemi mai kauri, ba siririyar cajin waya ba.

Idan yana cikin aiki ya mutu da kansa, kada ka yi ta danna maɓalli. Yawancinsu suna da ɗan abin da ke yanke wuta idan zafi ya yi yawa. Zare filogi, duba buhu da matata, zura sandar tsintsiya cikin tiyo ko safar yaro ce ta maƙale, ba shi rabin awa zuwa awa ɗaya ya huce. Idan ya tashi, to. Idan muryarsa ta fara sauyawa, yana tari yana yankewa, kawo shi a duba sharbo tun bai cinye har waya ta fara kartar tagulla ba. A wannan matakin gyaran na ƴan kuɗi kaɗan ne. Mako biyu bayan haka sai dai sabon moter, idan an samu.

Akwai wani mai ganga na wani masallaci a unguwar Zariya da ke zuwa rumfata duk watan Sha'aban, kafin a shiga tarawihi kafet ya sha ƙafa. Na hannu suka saye shi, fentinsa ya koɗe har ba a karanta sunan. Ladan ne ke ɗauko shi a adaidaita. Na sauya masa sharbo sau uku, rulma sau ɗaya, maɓallinsa na yanzu daga jikin wata matacciyar fanka na ciro, wuyan tiyonsa kuma naɗe yake da robar tayar babur. Buhunsa na huɗu ke nan daga hannun telan layinmu. Bana da na buɗe shi na tarar taya ɗaya ta fashe, na ce wa ladan ya bar shi ya kwana.

"Malam, gobe Juma'a fa, liman zai tambaya."

"Dawo bayan la'asar, Baba. Akwai taya a kwali."